Kwana Uku Yana Kira

Akwai wata mata a Tirwun da na shafe shekara goma sha ɗaya ina yi wa ƙarya guda ɗaya tak. Sau ɗaya a shekara take yi mini tambayar, sau ɗaya a shekara nake ba ta amsa, kuma amsar ba ta taɓa canzawa ba. Mijinta abokina ne, mutumin Bogoro. Rana ɗaya muka shiga soja, benci ɗaya muka zauna aka koya mana aikin waya, da aka gama yaƙin basasa ni na dawo Bauchi, shi bai dawo ba. Abin da take so ta sani shi ne ko na ji ɗuriyarsa kafin ya ɓace. Na ji, har kwana uku na yi ina ji.

Mutane in an ce soja sai su hango bindiga. Ni kam ko ƙadangare ban harba ba a yaƙin nan. Aikina zama ne a wani ajin makaranta da aka kwashe kujerunsa aka mai da shi ɗakin waya, can baya da bakin daga, inda ƙarar igwa ke iso mana kamar ana daka a wata unguwa. Abin ji a kunnuwana, wani ɗan maɓallin ƙarfe a ƙarƙashin yatsana. Ba murya muke aikawa ba, bugu ne, gajere da dogo, kowane harafi da irin nasa. Manya a babban birni su rubuto umarni, ya iso gare ni, in buga shi gaba zuwa ga kwamandojin da ke cikin kurmi. In sun ga dama su amso, in mayar sama. Dukansu janar muke ce musu a tsakaninmu, wanda ya kai da wanda bai kai ba tukuna, don yadda suke ɗaga kafaɗa ba ka bambancewa.

Saƙon manya dogo ne, cike da ladabi da zagaye-zagaye, yatsanka zai gaji kafin ka kai inda maganar take. Kusan kullum maganar ɗaya ce, yaushe za a kama gari kaza, me ya sa har yanzu ba a kama ba. Na janar-janar kuwa bai wuce layi biyu ba. A aiko harsashi, a aiko takalma, a aiko shinkafa. A tambaye su rana, su ba da amsa da motocin da ba su iso ba. Mu da ke tsakiya, ƙananan kofur-kofur da ba wanda ya san da zamanmu, mu muka san wa ke tsoron wa, kuma ba kullum na ƙasa ne ke tsoron na sama ba.

Wanda bai yi aikin ba yana zaton bugu duk bugu ne. Kowane mai waya yana da abin da muke kira hannu, kuma ana gane shi yadda ake gane takun ɗan gida a zaure tun kafin ya yi sallama. Nawa gaggawa ne, ina yanke harafi kamar wanda aka biyo, malaminmu ya sha buga mini rula a kan haka. Na abokina kuwa ja yake yi. Duk dogon bugu sai ya ɗan riƙe shi fiye da ƙima. Muna tsokanarsa cewa a coci ya koyo, wurin jan waƙa, shi kuma ya ce ni da gani na saba gudun kada tuwo ya ƙare. Ko iska ta lalace, in ya taɓa maɓalli na san shi ne.

A ƙa'idar aiki, saƙo bai isa ba sai wancan gefen ya bugo "an karɓa". Janar-janar sun san wannan sarai. Wanda aka karanta wa umarnin da bai yi masa ba, sai ya tsaya a kan mai wayarsa ya ce kada ya kuskura ya amsa, tun da ba a tuhumar mutum da saɓa umarnin da bai iso shi ba. Mu abin ke ci. Kana ta maimaitawa har yatsa ya kumbura, ba ka san ko ɗan'uwanka yana zaune lafiya ba ne ko an kashe shi. Saboda haka mu 'yan aji ɗaya muka ƙulla wata dabara. Wanda aka hana amsawa zai ɗan taɓa maɓalli sau biyu, taɓawar da ba ta kai harafi ba, kamar kuskure. Ma'anarta ina nan, ina jin ka, amma an tsaya a kaina. Kai kuma sai ka rubuta a littafin aiki cewa iska ba ta da kyau, ba a samu tasha ba. In ka rubuta gaskiya ba janar za a kama ba, ɗan'uwanka za a kama. Rufin asiri muka ɗauki abin, har muna alfahari da shi. Ni kaina na yi wa mutane ya fi sau goma, ba abin da ya faru.

Abokina yana tare da wani janar mai zafin kai. Saboda tattalin batir, sau ɗaya muke haɗuwa da tasharsu a yini, ƙarfe goma sha biyu na rana daidai. Wata Litinin cikin damina saƙo ya sauko daga sama, kuma a karon nan gajere ne, abin da ya sa na san ba lafiya tun kafin in gama karantawa. An samu labarin an yi musu kwanton ɓauna a hanyar da ta ratsa wata gonar roba. Kada su bi ta, su dakata sai an sake magana. Sha biyu na yi na kira, na buga saƙon. Shiru. Na sake, ba komai sai shuuu na iska. A karo na uku na ji taɓawa biyu, ta biyun ta ɗan ja. Na yi ajiyar zuciya har da murmushi, na ce ɗan banza yana nan lafiya. Na ɗauki alƙalami na rubuta iska ba ta da kyau, ba a samu tasha ba, na sa hannu, na tafi cin abinci. A raina na ce janar ai ya ji saƙon, girman kai ne kawai, ba zai jefa mutanensa ba.

Talata da sassafe suka bi hanyar, abokina yana cikin ɗaya daga motocin da akwatin wayarsa. Kafin la'asar labari ya iso mana ta wata tasha cewa kaɗan ne suka fito. Janar yana baya, ko ƙwarzane bai ji ba. Da manya suka nemi ba'asi, ya aiko da cewa akwatin wayarsa ya faɗa hannun abokan gaba tun ranar Lahadi, don haka ba wani umarni da ya iso shi. Ni na karɓi wannan saƙon, ni na buga shi sama, da yatsan nan.

Ranar Laraba ba ni da dalilin murɗa akwatina zuwa mitarsu, an riga an soke tashar. Sabo ne ya sa. Sha biyu na yi na murɗa, sai na ji ana kiran lambata, can ƙasa-ƙasa, dogon bugu yana ja. Abokina ne. Ya ce su huɗu ne, suna cikin wani ɗakin da ake shanya roba, gabas da hanya, biyu sun ji rauni, a zo. Ya maimaita sau uku, yana tsayawa a tsakani don in amsa. Tashar da aka soke ba a amsa mata sai da izinin hafsa, don haka na cire abin kunne na ruga ofishin kyaftin ɗinmu.

Kyaftin ba mugu ba ne, kada in ɗora masa abin da ba nasa ba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya sa aka kawo littafin aiki, ya buɗe shafin Litinin, ya juyo mini da shi.

"Kofur, wa ya rubuta wannan?"

"Ni ne, yallaɓai."

"Janar ya ce akwatin ya faɗi tun Lahadi. Littafinka ya ce Litinin ba ka same su ba. Maganarku ta zo ɗaya. To wa kake zaton yana buga maka waya yau?"

Na ce na san hannunsa. Ya ce hannu kowa na iya kwaikwaya, kuma da irin haka ake jan mutane zuwa tarko na biyu. Wanda duk ya amsa, ko da harafi ɗaya, kotun soja ce za ta raba. Sannan ya tambaye ni ko akwai wani abu da na sani wanda ba ya cikin littafin.

Wannan tambaya har gobe tana kunnena. Abin da ya rage kawai in ce yallaɓai, ƙarya na rubuta, ranar Litinin akwatin yana hannunmu, na ji shi. Amma faɗin haka daidai yake da kofur ya miƙe ya ce janar maƙaryaci ne, kuma shi da kansa ya ɓoye wa manya cewa ana jin umarninsu ana ƙin amsawa, har mutane suka mutu. Na hango kaina ɗaure a jikin durom, za a harbe ni. Bakina ya buɗe, na ji ya ce babu, yallaɓai. Na sara masa na fita.

Alhamis da sha biyu ya sake kira. Ya ce saura su biyu.

Juma'a ni kaɗai ne a ɗakin, sauran sun tafi wanka don shirin masallaci. Rana ta take, ko ganye ba ya motsi. Ya kira. Wannan karon ya bar lambobi, ya bar duk ƙa'idar da aka koya mana, yana buga Hausa tsantsa, magana ɗaya yana maimaitawa: kana ji na. Sai ya tsaya. Kana ji na. Batir ɗinsa yana mutuwa, sautin yana sirancewa, jan da yake yi yana ƙara tsawo. Yatsana yana kan maɓalli har ƙarfen ya yi ɗumi. Na san a lokacin ba ma taimako yake jira ba. Taɓawa biyun nan ta ishe shi, ya san akwai mutum a wancan gefen. Amma akwai tashar da aikinta sauraronmu, na tuna da ita, na tuna durom. Ban taɓa ba. Tsoro ne, ba ni da wani sunan da zan ba shi. Ya yi kamar minti ashirin, sannan ya tsaya a tsakiyar kalma. Asabar na murɗa, ba kowa.

Da aka sallame mu na dawo gidanmu a Ƙofar Dumi da igiya uku a hannu, ana ce mini Saje. Na yi aure, na ɗan taɓa gyaran rediyo a jikin zaurenmu. Da aka mai da Bauchi babban birnin jiha, gari ya cika da sababbin ofisoshi da baƙin fuskoki, aka nemi waɗanda suka san waya, na samu aiki a ɗakin rediyon da ke aika saƙon gwamnati zuwa ƙananan hukumomi. Kullum da safe in hau kekena in ratsa lungunanmu, in bi gefen GRA inda itatuwa suka fi mutane yawa, in zauna in yi ta aika labarin taki da na taro. Bayan umarnin yaƙi, wannan aiki hutu ne.

Matar abokina kuwa takarda aka aika mata cewa ya ɓace ranar Talatar nan. Ba gawa, ba kaya, ko hularsa. Ta baro Bogoro da 'ya'ya uku, ta samu aikin dafa abinci a wata makarantar kwana, ta kafa ɗaki biyu a Tirwun, lokacin gonaki sun fi gidaje yawa a wurin. Ni na je na nemo ta, na kuma gaya wa kaina zumunci ne. Da sallah in kai musu nama, da Kirsimeti 'ya'yanta su kawo mana shinkafa har Ƙofar Dumi, suna ce mini Baba. Na ji daɗin wannan matsayi, ba zan ɓoye ba, har nakan manta yadda na same shi.

Kowace damina, ranar da takardar ta ambata, takan tara 'yan cocinsu a yi masa addu'a. Ni ina zama a waje ƙarƙashin mangwaro har su gama waƙoƙinsu. Ita da kanta take kawo mini abinci a kwanon da ta ware mini, ta durƙusa ta ajiye, sannan ta tambaya, ba ta kallon fuskata, ko dai na ji wani abu daga wurinsa a kwanakin nan, tun da an ce ni ne a kan waya. Ni kuma in ce uwargida, iska ba ta da kyau a makon nan, ban samu tasharsu ba. Ta ce to, Allah ya sani, ta tashi. Ba da wata manufa take faɗa ba, amma abincin ba ya wuce mini sai da ruwa.

A ɗakin rediyo da baki ake magana a lokacin, amma tsofaffin akwatunan suna da maɓalli, kuma in damina ta kankama tsawa ta ɓata iska, sai mu tsofaffin soja mu koma bugu, sababbin ma'aikata suna kallonmu kamar masu duba. Mai tashar Azare ɗan ajinmu ne, wani dogon Bafulatani mara yawan magana. A shekara ta goma sha ɗaya, wata rana da tsakar rana na gama buga masa sanarwa, maimakon "an karɓa" sai ya tambaye ni wa ke kan maɓalli. Na ce ni ne mana, wa zai zama. Sai ya karɓa ya rufe.

Ƙarshen wata ya shigo Bauchi, ya same ni wurin mai shayi a bakin ofis. Sai da ya sha rabin kofi kafin ya ce shi fa hannun da ya ji ranar nan ba nawa ba ne, na mutumin Bogoro ne. Ya ce ya san shi kamar yadda ya san tarin mahaifinsa, kuma ba sau ɗaya ba ne. Duk saƙon da na aika masa da safe nawa ne, duk wanda ya faɗo a sha biyu na wancan ne. Na yi dariya na ce tsufa ya fara taɓa masa kunne, ya je a wanke. Shi bai yi dariya ba.

Washegari na sa wa yatsana ido. Da safe nawa ne, yana ta gaggawarsa. Sha ɗaya da rabi nawa ne. Agogon bango na buga sha biyu, ina tsakiyar wata sanarwa, na ga dogon bugu ya fara ja. Ba ciwo, ba sanyi, ba abin da ya kama ni. Yatsan dai ya riƙe ƙarfen fiye da yadda na sa shi, ya saki lokacin da ya ga dama, ni kuma ina kallo. Ta taga ana ganin masu share harabar ofis, wata mai tallan ayaba tana ciniki, ko'ina tar da rana. Ban taɓa jin tsoro irin wanda na ji a cikin wannan hasken ba. Bayan kamar minti ashirin ya dawo nawa.

Na koma bugawa da hagu, hagun ma ta ja. Na riƙa fita waje in sha biyu ta kusa, sai in tarar yatsan yana yi a jikin ƙofa. A gida matata ta lura ina ƙwanƙwasa gefen kwano in an kawo abincin rana, ta karɓo mini rubutu wurin malamin lungunmu. Na sha kwana bakwai, ban ƙaru da komai ba sai baƙin harshe. Malam ya aiko a bincika ko akwai wanda na ɗauki alhakinsa. Na ce a gaya masa ni ban taɓa ɗaga bindiga ba. Ya ce shi dai ya faɗa.

Abin da ya karya ni ya faru wata Alhamis ana ruwa. Na buga wa Azare saƙo a kan rabon taki, gunduma-gunduma, na nemi ya maimaito mini kamar yadda aka saba. Ya fara daidai, gunduma ta ɗaya, ta biyu, sai na ji ya bugo kana ji na, sannan ya ci gaba da ta uku. Na katse shi na ce wane irin wasa ne wannan. Ya ce shi abin da ya karɓa yake maimaitawa, ga shi nan a rubuce a gabansa har sau uku, tsakanin taki da taki. Ni ban taɓa gaya wa kowa maganar nan ba, ko matata. Na duba takardar da na buga daga ciki, babu ita. Can ya sake bugowa a hankali, ba cikin ƙa'ida ba. Ya ce Saje, ni ban san me ka ɗauko ba, amma ka kai wa mai shi.

Ranar Asabar na hau keke na nufi Tirwun. Masara ta kai kafaɗa a gefen hanya, ƙasa ta jiƙe, taya tana nutsewa, sau biyu ina sauka in tura, kuma kowace sauka sai zuciyata ta ce in juya. Na san abin da zan rasa. Yaran nan ba za su sake ce mini Baba ba, matar da ta yi shekara goma sha ɗaya tana durƙusa mini kuma za ta san wa take durƙusa wa.

Na same ta ita kaɗai a tsakar gida tana tsince shinkafa a wani babban tiren ƙarfe, yara sun tafi gona. Ta yi mamakin ganina.

"Saje, lafiya? Ai addu'a ya wuce tun wancan wata."

Ta kawo mini kujera da ruwa. Ban sha ba, na ce uwargida, na zo in gyara wata magana. Na faɗa mata duka a jere, yadda ake ba da rahoto, don in na bar tsarin ba zan iya ba. Taɓawa biyun Litinin, abin da na rubuta, abin da janar ya ce, tambayar kyaftin da amsar da na ba shi. Su huɗu, su biyu, sannan Juma'a. Ban rage ba, ban kuma ce an tilasta ni ba. Duk tsawon maganar hannunta bai daina aiki ba, tana ware tsakuwa tana jefarwa gefe, sai da na kai Juma'a ya tsaya.

Na zaci za ta yi kuka ko ta kore ni, kuma da ta yi ɗaya daga ciki da na ji sauƙi. Sai kawai ta ƙirga da yatsunta, Laraba, Alhamis, Juma'a.

"Ashe ranan da muke yi mishi addu'a, yana nan da ranshi."

Na ce haka ne.

Ta tambaye ni ko muryarsa ta nuna yana jin ciwo. Na bayyana mata cewa ba murya ba ce, bugu ne da yatsa a kan ƙarfe, amma na san shi ne kamar yadda ita za ta san muryarsa. Sai ta juye shinkafar a ƙwarya, ta kifa tiren a ƙasa tsakaninmu, ta turo mini.

"Ka yi mini in ji."

Na ɗaga kai. Inuwar mangwaro ta tattaru a gindinsa, tawa ma ta shige ƙarƙashin kujera, ba sai na duba agogo ba. Na sauko na zauna a ƙasa, na ɗora yatsa a kan tiren. Ban yi ƙoƙarin kwaikwayo ba, na dai sake shi. Ya fara, gajeren ƙwas, dogon kuwa ya danna ya ja a kan ƙarfen. Kajin da ke kiwo kusa da mu suka matsa. Ta rufe ido. Ko harafi ɗaya ba ta sani ba a cikin abin da ake bugawa, amma ta kasa kunne.

"Haka yake ƙwanƙwasa ƙofa in ya dawo," in ji ta. "Me yake cewa?"

"Yana cewa, kana ji na."

Yatsan ya tsaya, yadda shi ma yake tsayawa don a ba shi amsa. Ta buɗe ido ta dube ni sosai, karon farko tun da na san ta.

"To ka amsa mishi mana."

Na amsa. Da hannuna na amsa, da gaggawata da yanke-yankena, har ina tuntuɓe a kan haruffa kamar sabon shiga. Na ce ina jin ka. Na ce ni ne, ina nan, ina jin ka. Hawayena suna ɗiga a kan tiren ban tsaya sharewa ba. Sannan na ɗage yatsa muka yi shiru, ita ta karkata kai gefe guda, ni ina kallon ƙarfen. Ba wanda ya ce wa wani a jira, amma jira muke yi. Can nesa wani yana kiran shanunsa, iska ta ɗan kaɗa masara a bayan danga. Mun daɗe a haka, har inuwa ta fara fitowa ta ɗaya gefen.

Na yunƙura zan tashi, ina laluben yadda zan nemi gafara, ta ɗaga mini hannu. Ta jawo tiren, ta goge shi da bakin zanenta, ta jingine shi a bango maimakon ta mayar da shinkafarta.

"Bai ji ba," ta ce. "Gobe da tsakar rana ka dawo, jibi ma ka dawo. Shi kwana uku ya yi."

Na ce to.